Gilashi mai tsinin malfa da layin hasken da yake kitsawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu yankan gilashin taga a Jos ya ga yadda aikin yake tafiya. Mai yanka zai shimfiɗa gilashin a kan tebur da aka lulluɓe da tsohon bargo, ya ɗora miƙaƙƙen katako, ya ja abin yankansa sau ɗaya tak da wata 'yar ƙara mai tayar da tsikar jiki, sannan ya kawo wurin da ya ja daidai bakin tebur ya danna. Sai gilashin ya rabu biyu a kan layin. In an lura da kyau, ba yanka ya yi ba. Rauni ya yi wa saman gilashin, tsagewa kuma ta bi raunin ta sauka har ƙasa, shi ya sa bakin yake fitowa da kaifi da ƙananan ɓantarori, sai an bi shi da dutse an goge.

Gilashin da ke fuskar wayar da ke aljihun mai yankan nan kuwa wani abu ne daban. Kaurinsa bai kai milimita 1 ba, kusurwoyinsa a lanƙwashe suke, kuma 'yar tsaga a bakinsa, wadda ido ba zai gani ba, ta isa ta tarwatsa shi ranar da wayar ta faɗi. Masu gyaran waya a Taminus ta Jos suna canza irinsa kullum. Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana'antu ke bi wajen yanka siririn gilashi irin wannan ita ce hasken leza, amma ba ta hanyar ƙona shi daga sama a yi ta sauka ba. Ana so ne hasken ya zama allura wadda za ta ratsa kaurin gilashin gaba ɗaya a lokaci guda. Abin da ke mayar da haske allura kuwa wani ɗan gilashi ne mai siffar malfa, wanda masana ke kira aksikon.

Kafin a gane abin da ya raba shi da sauran, sai an koma ga gilashin da kowa ya sani. Yaron da ya taɓa samun gilashin ƙara girman rubutu ya san wasan: a fita rana, a riƙa ɗaga shi ana saukewa a kan busasshen ganye har hasken ya dunƙule ya zama ɗigo, sai hayaƙi ya tashi. Abin lura shi ne wahalar da hannu ke sha kafin ya sami wurin, domin in an matsa kusa kaɗan ɗigon ya baje, in an ja baya kaɗan ma ya baje. Dalili shi ne bayan gilashin a kumbure yake kamar bayan ƙwarya. Haske yana karkata duk lokacin da ya shiga gilashi ko ya fita a kaikaice, kuma ƙa'idar wannan karkata tsohuwa ce: Ibn Sahl ya rubuta ta a Bagadaza wajen shekarar 984, ƙarnuka kafin Snell na ƙasar Holan ya sake gano ta a 1621. A gilashi mai kumburi, tsirkiyar hasken da ta faɗo a gefe tana samun gangara mai yawa sai ta karkata sosai, wadda ta faɗo kusa da tsakiya kuma ta karkata kaɗan, don haka duka suke haɗuwa a wuri guda. Wannan matattara gajera ce, kuma akwai dokar da ta ɗaure ta. Haske igiya ne mai tudu da kwari, ba ya yarda a matse shi ya zauna a matse. In aka rage faɗin ɗigon zuwa rabi, nisan da zai yi yana siriri ba rabi zai koma ba, kwata zai koma.

Aksikon ya kauce wa kumburin ƙwarya. Fuskarsa ɗaya shimfiɗaɗɗiya ce, ɗayar kuma ta taso zuwa tsini a miƙe, gangararta ɗaya ce tun daga baki har tsakiya. A gaskiya ma tsinin bai cika kaiwa na malfa ba, domin da yawa daga cikin waɗanda ake aiki da su gangararsu digiri 1 ce ko 2, sun fi kama da faifai wanda tsakiyarsa ta ɗan taso. Tunda gangarar ɗaya ce ko'ina, kowace tsirkiya tana karkata da gwargwado ɗaya zuwa layin tsakiya. Wadda ta shigo dab da tsinin ba ta da nisan tafiya, nan da nan ta isa layin. Wadda ta shigo ta can bakin gilashin kuwa sai ta yi doguwar tafiya kafin ta iso. Kowane zobe na jikin gilashin yana da nasa wurin haɗuwa, ɗaya a gaban ɗaya, a jere. Saboda haka matattarar aksikon layi ce, ba ɗigo ba.

John McLeod, ma'aikacin kamfanin Kodak a birnin Rochester na Amurka, shi ya raɗa masa wannan suna a 1954, daga kalmomin Girkanci da ke nufin hoton da ke kan layin tsakiya. A lokacin babu leza a duniya, sai a 1960 Theodore Maiman ya kunna ta farko. Abin da McLeod ya hango shi ne aikin daidaita abubuwa a kan miƙaƙƙen layi: madubin hangen nesa da aka sa wa aksikon yana nuna ƙananan fitilu na kusa da na nesa tar a lokaci ɗaya, ba tare da an murɗa komai ba, muddin suna kan layin.

Lissafi kaɗan zai nuna girman bambancin. A ɗauki aksikon mai gangarar digiri 1, wanda aka yi da tataccen gilashin silika, a haska masa jan hasken leza mai tsawon zango (wato tazarar da ke tsakanin tudun igiyarsa ɗaya da na gaba) nanomita 633, kowace nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita, irin wanda ake samu a ɗakunan gwajin kimiyyar haske, a kuma buɗa damin hasken, wato tarin tsirkiyoyin da ke tafiya tare, ya kai faɗin milimita 10. Kowace tsirkiya za ta karkata da ɗan abin da bai kai rabin digiri ba. Layin da zai fito zai kai wajen santimita 60, kusan kamu ɗaya da ɗoriya, faɗinsa kuwa wajen maikiromita 60 ne tun daga farko har ƙarshe, wato kimanin kaurin silin gashi. In da gilashi mai kumburi aka matse wannan haske ya kai wannan sirantaka, ba zai yi ko santimita 1 yana haka ba.

Wanda ya sa kyamara a gaban layin ba ɗigo kaɗai zai gani ba. Zai ga ɗigo mai haske a tsakiya, zobba masu dusashewa sun kewaye shi ɗaya bayan ɗaya, kamar ruwan randa da aka jefa wa tsakuwa. Igiyoyin da ke shigowa daga kowace kusurwa ne suke cin karo, inda tudu ya haɗu da tudu haske ya ƙaru, inda tudu ya haɗu da kwari su kashe juna a sami duhu. Lissafin da ke bayyana wannan zane yana ɗauke da sunan Friedrich Bessel, masanin taurari ɗan Jamus wanda ya rasu a 1846, shi ya sa ake kiran irin wannan haske da sunansa. A 1987 James Durnin da abokan aikinsa biyu, Miceli da Eberly, a Jami'ar Rochester, garin da McLeod ya yi aikinsa, suka nuna a lissafe da kuma a gwaji cewa wannan zane yana tafiya ba tare da ya canza kama ba. Su ba aksikon suka yi amfani da shi ba, wata siririyar tsaga ce mai siffar zobe suka haɗa da gilashi na yau da kullum, amma daga baya aka ga aksikon ya fi tsimin haske, tunda ba ya tare komai. Sun kira abin da suka samu haske marar bajewa.

A ganina wannan suna ya ɓatar da mutane da yawa, kuma a nan ne ainihin maganar take. Wanda ya ji shi zai ɗauka an sami wata tsirkiya ce mai taurin kai wadda ta fi ƙarfin dokar bajewa. Ba haka ba ne. Babu wani haske da ke bin layin daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Misalin da ya fi kusa shi ne kitso. Mai kitso tana jan layi daga goshi zuwa ƙeya, mai kallo ya ga igiya ɗaya, alhali gashin da ke ƙeya ba shi ne na goshi ba, a kowane taku tana ɗebo sabo ne daga dama da hagu tana sakawa. Haka layin aksikon yake, sai dai shi hasken da ya shigo ba ya tsayawa, yana ratsa layin ne ya fice ta ɗaya ɓangaren, wani ya maye gurbinsa. Ranar da aka kai zoben ƙarshe na bakin gilashin, babu sauran abin ɗebowa, layin ya ƙare. Wanda zai tafi har abada sai an ba shi gilashi marar iyaka da haske marar iyaka, abin da ba ya samuwa.

Da zarar an riƙe wannan, abin da ake yawan mamakinsa game da hasken sai ya zama a sarari. Ana cewa yana warkar da kansa, wato in aka tare layin da wani ɗan abu, sai ya sake bayyana a bayan abin. Ba warkewa ya yi ba, domin wanda aka tare ya tafi kenan. Wanda ya bayyana a gaba daga wani zoben ya taso, ya biyo gefe, bai ma san da shingen ba. A misalinmu na sama, abin da faɗinsa milimita 1 ne zai yi inuwar da ba ta wuce santimita 6 ko kusa da haka ba, bayanta layin ya dawo. An ci moriyar wannan hali a aikin kama ƙananan abubuwa da haske, dabarar da Arthur Ashkin ya nuna a 1986, wadda ta sa ya sami lambar yabo ta Nobel a 2018. Da gilashi mai kumburi, wuri guda ake iya riƙe ƙwaya. A 2002 masu bincike a Jami'ar St Andrews ta Sikotland, ƙarƙashin Kishan Dholakia, suka riƙe ƙwayoyi a 'yan mitsi-mitsin ɗakunan gwaji biyu da ke da tazarar 'yan milimita da dami ɗaya na haske, domin layin da ƙwayoyin farko suka lalata ya sake haɗuwa kafin ya isa ɗaki na biyu.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Zobban nan da ke kewaye da ɗigon ba ado ba ne, su ne hasken da ke kan hanyarsa ta zuwa layin da wanda ya riga ya wuce, kuma kowane zobe yana ɗauke da ƙarfi kusan daidai da na ɗigon tsakiya. A misalinmu, a tsakiyar tafiyar, zobban sun kai wajen 60, ma'ana abin da ke cikin ɗigon bai wuce kashi 2 cikin 100 na hasken da aka zuba ba. Gilashi mai kumburi yana tara kusan komai a wuri guda na ɗan taƙi, aksikon kuma yana raba shi a kan doguwar hanya. Ba a iya yanke zobban a bar layin, domin duk zoben da aka cire an cire wani yanki ne na tsawonsa. Don haka tambayar da ya kamata injiniya ya yi kafin ya ɗauki aksikon ita ce, me zobban za su yi wa aikina?

A yankan gilashi amsar ta zo da daɗi ƙwarai. Gilashi ba ya shan haske, wucewa yake bari ya yi, sai fa in ƙarfin hasken a wuri ɗaya ya kai wani matsayi mai tsanani, a nan ne yake sha ya lalace. Ana samun wannan tsanani ta hanyar harba leza a walƙiya-walƙiya, kowace walƙiya wajen kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa. Ana daidaita ƙarfin yadda ɗigon tsakiya kaɗai zai haye matsayin, zobban kuma su tsaya ƙasa da shi. Sai zobban su ratsa gilashin ba tare da sun bar tabo ba, suna ta kai wa layin haske a kowane zurfi, har ɓarnar da aka yi a sama ba ta hana aikin isa ƙasa ba, tunda ta gefe hasken yake zuwa. A nan abin da ya zama asara a wani wuri ya zama ma'ajiya. A 2010 masu bincike a birnin Besançon na Faransa suka nuna cewa walƙiya ɗaya tana huda rami a gilashi wanda faɗinsa bai kai maikiromita 1 ba, tsawonsa kuma ya ninka faɗinsa fiye da sau 100. A masana'anta ana jera irin waɗannan raunuka kusa da juna a bin duk siffar da ake so, miƙaƙƙiya ko mai lanƙwasa, kamar jerin hudojin da ke jikin takardar rasit, sannan a ɗan danna ko a ɗan ɗumama, gilashin ya rabu a kan jerin. Dabarar mai yankan gilashin taga ce dai, a yi rauni a bar tsagewa ta bi, sai dai shi rauninsa a fata ya tsaya, wannan kuwa ya kai har ƙashi, shi ya sa tsagewar ba ta da damar kaucewa.

A madubin duba ƙwayoyin halitta kuwa zobban sun zama ciwon kai. Akwai salon da ake haska abin dubawa daga gefe da siririn faifan haske, a ɗauki hoton yanki ɗaya kawai, yadda ba za a gajiyar da ƙwaya mai rai da haske ba. Ana so faifan ya zama siriri kuma mai faɗi, abin da dokar rabi da kwata ta hana. Layin aksikon da ake kaɗawa gefe da gefe yana ba da wannan faifai, amma zobbansa suna haska sama da ƙasan yankin, hoton ya yi hazo. Eric Betzig, wanda ya sami Nobel a fannin sinadarai a 2014, shi da abokan aikinsa sun fitar da irin wannan madubi a 2011, kuma babban ɓangaren aikinsu neman hanyar kashe tasirin zobban ne. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce amfani da launin da ba ya sa rinin da aka shafa wa ƙwayar ya yi ƙyalli sai inda hasken ya yi tsanani, wato aka koma ga sirrin da ya taimaki masu yankan gilashi.

Bayan layin ya ƙare, tsirkiyoyin da suka gama ratsa juna suna ci gaba da buɗewa, sai a sami zobe guda mai duhu a ciki. A misalinmu, a nisan mita 2 faɗin zoben ya ɗan haura santimita 3, kaurin bakinsa milimita 5, kuma ko an ƙara nisa zoben ne zai ƙara girma, kaurin bakin yana nan yadda yake. In aka haɗa da gilashi mai kumburi bakin zai yi kaifi, a yanke da'ira da shi a harbi ɗaya, dabarar da aka gwada a huda ƙarfe da kuma aikin tiyatar fatar baƙin ido. In aka jera aksikon biyu masu gangara ɗaya, na biyu zai miƙar da abin da na farko ya karkatar, a sami bututun haske wanda ake ƙara masa faɗi ko a rage ta hanyar matsar da su kusa ko nesa da juna. Injinan da ke buga zanen hanyoyin lantarki a kan silikon, inda ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta, sun yi amfani da wannan haɗi wajen haska zanen ta gefe.

Wahalar aksikon tana wurin tsininsa. Injin goge gilashi ya saba da kumburin ƙwarya, kuma babu mai iya fitar da tsini cikakke, ko yaya sai ya ɗan dakushe. Wannan ɗan dakushin yana aiki kamar ƙaramin gilashi mai kumburi, yana tura nasa hasken a kan layin, sai ƙarfin layin ya riƙa hawa da sauka maimakon ya tafi sumul. Ga mai yankan gilashi wannan yana nufin rauni mai zurfi a nan, marar zurfi a can. Haka kuma in aka ɗan karkatar da gilashin, ɗigon yana wargajewa ya zama zanen ɗigo-ɗigo. Ko da komai ya daidaita, ƙarfin layin ba ɗaya ba ne, domin zobban waje sun fi na ciki girma, sun fi kawo haske, har zuwa inda damin da kansa ya fara dusashewa. Ana magance waɗannan ta hanyar toshe hasken da ya bi ta tsinin, ko ɗan sauya gangarar daga ciki zuwa waje, ko a bar gilashin gaba ɗaya a yi amfani da madubi mai siffar malfa, ko wani allo da kwamfuta ke sarrafawa wanda ke jinkirta haske yadda aksikon zai yi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne kusan duk abin da aka faɗa a nan ana iya ganinsa a kan tebur ɗaya, kuma ɗalibin kimiyya a Jami'ar Jos ko wata kwaleji a Filato zai fi gane halin igiyar haske ta wannan gwaji fiye da ta shafuka goma na lissafi. Ana buƙatar leza marar ƙarfi, da gilashi biyu na buɗa damin, da aksikon ɗin ko tsagar zobe irin ta Durnin, da ƙaramar kyamarar kwamfuta da aka cire wa gilashin gabanta, domin ɗigo mai kaurin gashi ya fi ƙarfin ido a kan takarda. Dole a rage hasken sosai kafin ya faɗa wa kyamarar, kuma kada kowa ya sunkuyar da idonsa daidai tsayin damin. Sai a ɗora kyamarar a kan dogon katako a riƙa ja da ita baya a hankali. A santimita 10 ɗigon yana nan da zobbansa, a 30 yana nan da girmansa, a 50 ma haka. In aka liƙa ɗan ɗigon baƙin tawada a kan siririn gilashi aka sa shi a kan layin, allon zai yi duhu a tsakiya, a ƙara ja da baya kamar faɗin tafin hannu, ɗigon ya dawo. Bayan santimita 60 tsakiyar za ta fara dushewa, hasken ya janye zuwa gefe, har ya fice daga idon kyamarar, sai a ɗauko farar takarda a tare shi can gaba a ga jan zobe.